Kafin A Ce Kwamfuta Ta Lalace

Mu ne 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare da ke cikin kulob ɗin 'yan jarida. Akwai wata magana da ake yawan faɗa a ɗakin kwamfuta na makarantarmu, wato "ta lalace." Da zarar abu ya ƙi buɗewa sai a faɗe ta, a lulluɓe kwamfutar da leda a koma wata. A wannan zango mun ga abin da ya nuna mana cewa sau da yawa ba lalacewa ba ce, wani ƙaramin abu ne ba a duba ba.

Muna da aboki a kulob wanda shan inna ta taɓa masa hannun dama tun yana ƙarami. Da izininsa muke ba da wannan labari. Duk cikinmu babu wanda ya kai shi iya tsara zance, amma rubutu yana ba shi wahala. Shafin da muke cikawa a minti goma, shi sai ya kusa cinye awa. Idan wani ya rubuta masa kuma, yakan ce an canza masa kalmomi. Shi ya sa tun da ya shiga kulob ba a taɓa manna rubutunsa a wannan bango ba.

Malamin kwamfuta ne ya ce mana akwai manhajar da ke sauraron magana ta mayar da ita rubutu, kuma tana cikin kwamfutocinmu masu Windows 10, ba sai an saya ba. Muka yi murna, muka zaunar da abokinmu, muka sa masa hedifon mai makirufo, muka danna manhajar. Shiru. Muka sake dannawa, wani ɗan akwatin saƙo ya fito da Turanci, wani yaro ya yi sauri ya rufe shi. Nan take aka fara cewa ta lalace. Abokinmu ya cire hedifon ya ajiye, ya ce, "Ku bar shi kawai, dama na saba." Wannan maganar ce ta sa muka ƙi bari.

Malam bai gyara mana da hannunsa ba. Ya ba mu tsohon littafin rubutu ya ce mu bi doka uku. Mu fara da abu mafi sauƙi. Mu canza abu ɗaya tak, sannan mu gwada. Mu rubuta duk abin da muka taɓa, domin idan bai yi ba mu mayar da shi yadda yake.

Laraba ta farko muka kashe kwamfutar muka sake kunnawa, ba ta canza ba. Sai muka leƙa bayanta. Hedifon ɗin yana da bakin waya biyu, ɗaya kore, ɗaya ruwan hoda, kuma a jikin kwamfutar akwai ramuka masu irin waɗannan launuka. Kore na jin sauti ne, ruwan hoda na makirufo. Muka tarar an soka su a juye. Muka gyara. A jikin wayar kuma akwai ɗan maɓalli mai toshe murya, shi ma a rufe yake, muka buɗe. Kafin mu gwada aka ɗauke wuta, aka kaɗa ƙararrawa.

Laraba ta biyu Malam ya nuna mana yadda ake gane ko kwamfuta tana jin mutum. A wurin saitin sauti akwai wani ɗan layi da ke motsi idan ka yi magana. Muka yi ta sallama a makirufo, layin ko gezau. Sai wata 'yar ajinmu ta tuna cewa wayar yayarta takan nemi izini kafin wata manhaja ta yi amfani da makirufo. Ta ce, "Malam, ko ita ma kwamfutar tana neman izini?" Malam ya yi murmushi ya ce mu duba sashen sirri a cikin saiti. Ashe an kashe izinin makirufo gaba ɗaya. Muna kunnawa layin ya fara tsalle. Muka yi tafi har malamar ajin da ke kusa ta leƙo.

Duk da haka manhajar ba ta tashi ba. Akwatin saƙon nan ya sake fitowa. Wannan karon muka hana kowa rufe shi, muka kwafe shi a littafi kalma bayan kalma, muka ɗauko ƙamus. Abin da yake faɗa shi ne, harshen da manhajar ke sauraro dole ya zama ɗaya da harshen da kwamfutar ke nuna rubutunta da shi. Muka ce ai duka Turanci ne. Malam ya ce a wurin kwamfuta Turancin Ingila daban, na Amurka daban. Wanda ya saita ta tun farko ya zaɓi ɗaya a nan, ɗaya a can. Tun ranar farko kwamfutar take faɗa mana ciwonta, ba a dai tsaya an karanta ba.

Laraba ta uku Malam ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, ya sauke abin da ya rage na harshen, muka daidaita su biyun. Muka kashe muka kunna. Manhajar ta buɗe, ta nemi a karanta mata jimla ɗaya domin ta auna murya. Abokinmu ya karanta. Daga nan ya faɗi sunan labarinsa, muka ga haruffa suna fitowa su kaɗai babu wanda ya taɓa madannai. Bai ce komai ba, sai dariya yake yi.

Tashin manhajar ba shi ne ƙarshen aiki ba. Idan janareto yana ruri ko ana surutu, sai ta rubuta shirme. Idan makirufo ya manne da baki, numfashi yana dame ta, gara a ɗan kauda shi gefen baki. Tana kuma rikicewa da wasu kalmomi saboda yadda muke furta su, musamman masu harafin p da f. Amma tana da wurin horo, inda mutum zai yi ta karanta mata jimloli har ta saba da muryarsa. Abokinmu ya yi haka sau biyu, kuskuren ya ragu. Hausa kuwa ba ta ji ko kaɗan. Mun ce mata "sannu da aiki", ta rubuta wasu kalmomin Turanci marasa kan gado.

Wannan ya sa muka tambayi Malam dalili, ya ba mu ɗan tarihi. A 1952 aka ƙera wata na'ura mai suna Audrey a Amurka, wadda lambobi kawai take ganewa, daga sifili zuwa tara. A 1962 kamfanin IBM ya nuna wata mai suna Shoebox, mai gane kalmomi 16. Sai a 1997 aka fito da Dragon NaturallySpeaking, wadda mutum zai yi mata magana a jere ba sai yana tsayawa bayan kowace kalma ba. Irin waɗannan manhajoji suna koyon harshe ne daga muryoyin mutane masu yawa da aka naɗa tare da rubutun abin da suka faɗa. Turanci yana da irin wannan tari mai yawa, Hausa kuwa nata kaɗan ne. Amma ana ƙoƙari. A 2017 Mozilla ta fara shirin Common Voice, inda mutane ke ba da muryarsu kyauta, kuma akwai Hausa a ciki. A 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya rubutu da murya da su a waya. Muna fata wata rana ɗalibi zai zauna a ɗakin kwamfutarmu ya yi magana da Hausa ta fito a rubuce, har da ƙ da ɗ da ɓ.

Yanzu ga roƙonmu. 'Yan'uwa ɗalibai, idan saƙo ya fito a fuskar kwamfuta, kada ku rufe shi sai kun karanta, in ba ku gane ba ku kwafe ku kai wa Malam, matambayi ba ya ɓata. Kada ku zare wayar hedifon, in kun zare ku mayar da kowane launi raminsa. Kada ku canza saitin da ba ku san aikinsa ba, domin wani yana dogara da shi. Kwamfuta ta uku daga ƙofa ita ce wadda ta saba da muryar abokinmu, don Allah a bar masa ita ranar Laraba.

Malamanmu kuma muna roƙon a ajiye littafi ɗaya a ɗakin kwamfuta, wanda duk mai gyara zai rubuta abin da ya samu da abin da ya yi. Namu yana nan a teburin Malam, shafi huɗu ne, kowa yana iya dubawa. Muna kuma roƙon a yaye ledar da aka rufe sauran kwamfutocin da ita a sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, mu a shirye muke mu taimaka.

Labarin abokinmu yana nan manne a gefen dama na wannan takarda. Da Turanci yake, a kan kakarsa da akuyarta, kuma kowace kalma tasa ce. Ku karanta kafin ku wuce. Muna godiya ga Malam da ya ba mu lokacinsa da datarsa.