Jidda: Jirgin Araha Ba Ya Jiran Cikon Mutum Ɗaya

Duk wanda ya taso yana shiga mota a tashar Unguwa Uku ko ta Ƙofar Ruwa ya san dokar tafiya a wurinmu: mota ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kamasho zai yi ta kiran "saura mutum ɗaya", kai kuwa ka je ka sayi rake, ka yi alwala, ka dawo ka tarar da kujerarka. Wannan sabon ne yake cin kuɗin 'yan'uwanmu da yawa a filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, musamman masu hawa jiragen araha.

An buɗe filin a 1981 a arewacin birnin, kuma gine-ginen fasinjansa ba a wuri ɗaya suke ba. Akwai tashar alhazai mai rufi irin na tantuna, wadda iyayenmu suka fi sani. Akwai tashar arewa da wasu kamfanonin ƙasashen waje ke amfani da ita. Sai kuma Tasha ta 1, sabuwa, wadda Sarki Salman ya ƙaddamar a 2019, mai katafaren tankin kifi da mutane ke tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. A jikinta ne tashar jirgin ƙasan Haramain take, wanda ya fara aiki a 2018 yana haɗa Makka da Jidda da Madina. Tsakanin waɗannan tashoshi tafiyar mota ce, ba ta ƙafa ba. Saboda haka tambayar farko tun kafin ka baro masauki ita ce: daga wace tasha jirgina zai tashi? Direban tasi zai kai ka inda ka ce ne kawai.

Manyan kamfanonin araha na Saudiyya biyu ne. Flynas ya fara aiki a 2007 da sunan Nas Air, kuma alhazan Najeriya sun san shi domin yana cikin masu jigilarsu. Flyadeal kuwa ya fara tashi ranar 23 ga Satumba, 2017, daga Jidda zuwa Riyad. Ga ɗalibi mai lissafin kowane riyal, ko ma'aikacin da ke son yin Umara a hutun ƙarshen mako, irin waɗannan jirage rahama ne. Ni kaina da su nake zirga-zirga duk lokacin da karatu ya kai ni wani gari.

Sai dai ya kamata mu fahimci inda arahar ta fito. Jirgi ba ya kawo kuɗi yana ajiye a ƙasa. Don haka kamfanin araha, a ko'ina yake a duniya, yana sa jirgi ɗaya ya yi sawu da yawa a yini: ya sauka, a sauke mutane, a share, a zuba mai, a kwashi wasu, sau da yawa cikin ƙasa da awa ɗaya. Abu biyu ne ke fitowa daga wannan tsari. Na farko, idan aka samu jinkiri a sawun safe, yana bin jirgin har dare, shi ya sa jirgin asuba ya fi na bayan isha'i cika alkawari. Na biyu, ba su da sararin jiran kowa. Jirgin zai iya makara ya bar ka zaune, amma kai in ka makara da minti biyar, tikitinka ya tafi. Ko mun so ko mun ƙi, cinikin da muka yi ke nan lokacin da muka zaɓi farashi mai sauƙi.

Lokacin tashi da ke rubuce a tikiti na matuƙin jirgi ne. Naka lokacin yana gabansa, kuma kashi biyu ne: lokacin da ake rufe karɓar kaya, da lokacin da ake rufe ƙofar shiga. Dukansu suna cikin takardar da aka turo maka. Ni na fi gane abin ta hanyar salla. Sanarwar farko kamar kiran salla ce. Abin da ake cewa "annida'ul akhir" da Larabci, wato kiran ƙarshe, shi ne iƙama. Wanda ya tsaya sai an tayar da iƙama sannan ya tafi neman buta, ya san abin da zai tarar. Mu da ake yi wa tsiyar rashin kiyaye lokaci, mu ne muke cika sahun asuba a Harami tun kafin ladan ya buɗe baki. Ashe mun iya, abin da ya rage shi ne mu ɗauki ƙofar jirgi da irin wannan muhimmanci.

Wata rana ina zaune kusa da ƙofar jirgina, sai ga wata dattijuwa da jikanta sun iso ƙofar da ke gefenmu suna haki. Hausa na ji tana yi, na matsa na gaishe ta.

"Hajiya, lafiya dai?"

"'Yar nan, wai sun rufe. Ga jirgin can ina ganinsa da idona, ko motsawa bai yi ba."

Gaskiyarta, jirgin yana nan. Amma an riga an rufe lissafin fasinja. Sun zo filin da wuri, sun ba da kaya, sai suka zauna can nesa suna jiran su ji an kira sunan garinsu. An yi kiran da Larabci da Turanci, cikin hayaniya, ba wanda ya kama. Daga garin da za su sauka kuma akwai wani jirgin da zai kai su gida, wanda aka saya da tikiti dabam. Wannan shi ne babban tarkon: idan tikiti biyu ba a haɗe suke ba, kamfani na biyu ba ruwansa da abin da ya tsare ka. Na raka yaron teburin kamfanin na yi musu tafinta. Abin da ya fi damun Hajiya ma shi ne kwanakin da suka rage a bizarta, domin wuce wa'adi a Saudiyya laifi ne mai tara.

Akwai ƙananan abubuwa da ke cinye mintoci ba a sani ba. Jakar hannu a jiragen araha yawanci kilo 7 ce, kuma dabino da jallabiyoyin tsaraba ba sa jin roƙo a kan sikeli. Layin biyan kuɗin ƙarin kaya shi kaɗai yana iya cin rabin awa. Ruwan Zamzam yana da nasa ƙa'idar, a tambayi kamfani tun kafin ranar tafiya. Tasha ta 1 tana da faɗi ƙwarai, tafiya daga wurin bincike zuwa wasu ƙofofin ba ta da kusa, balle ga mai ciwon gwiwa. Ana kuma iya sauya ƙofa, don haka allo ya fi kunne amana. Sannan ga rikicin tsakar dare: jirgin 00:30 na ranar Asabar, daren Juma'a ake fita dominsa. Wanda wayarsa ke kan agogon gida kuma ya tuna Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu.

Idan kuwa jirgin ne ya makara, ba haƙuri kaɗai ne naka ba. Wani jinkirin ba laifin kowa ba ne, kamar ruwan saman 24 ga Nuwamba, 2022 da ya tsayar da Jidda cak har ya shafi tashin jirage. Amma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya tana da dokar kare haƙƙin fasinja, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a Nuwamban 2023, kuma ta tanadi kulawa irin ta abinci da masauki gwargwadon tsawon jinkirin. A adana tikiti da saƙonnin kamfani, a tambaya cikin ladabi.

Jiran kansa ba asara ba ne in an zauna a inda ya dace. Na saba wucewa bincike tukuna, in gano ƙofata da idona, sannan in nemi masallacin da ya fi kusa da ita. A nan za ka ga 'yan Indunusiya cikin kaya iri ɗaya, da 'yan Pakistan, da Misrawa, ka kuma tsinci Hausar Kano da ta Maraɗi da ta waɗanda aka haifa a Jidda. Kakannin wasunsu da ƙafa suka keto Chadi da Sudan, suka shekara a hanya kafin su tsallako Bahar Maliya. Awa uku a kan kujera mai sanyi ba ta kai a yi mata ƙorafi ba.

Roƙona ga ɗalibai da ma'aikatanmu masu jin Larabci ko Turanci shi ne, in kun ga dattijo da tikiti a hannu yana waige-waige, ku karɓa ku duba masa lambar ƙofa da lokacin rufewa. Minti ɗaya zai ɗauke ku. Allah ya kai kowa gida lafiya.