Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, da kwalbar da ba ta da suna

 

Akwai irin saƙon muryar nan da ke yawo a rukunonin WhatsApp na matan unguwa, daga Agoe-Zongo har Togblekope, a nan arewa da Lome. Mai magani ne yake bayani da Hausa mai daɗi, yana cewa ƙiriniyar yaran zamani da rawar kai da kasa riƙe karatu duk allurar rigakafi ce ta jawo su, wai tana taɓa ƙwaƙwalwa. Can ƙarshe sai ya ce yana da haɗin da ke wanke dafin, ya faɗi kuɗin kwalba, ya bar lambar waya. Muryoyin suna da yawa, amma tsarinsu ɗaya ne: a tsorata uwa da allura, sannan a sayar mata da kwalba.

Ban ga laifin uwar da ta saurara ba. Wanda bai taɓa riƙon irin wannan yaro ba bai san abin da take ciki ba. Tun asuba yana kan katanga. A aike shi sayen gishiri, ya dawo da labarin ƙwallo, kuɗin ma ya faɗi a hanya. A makarantar allo malam ya gaji da bulala, a lakwal, wato makarantar boko, an kira ta har ta daina zuwa don kunya. Maƙwabta su ce ta sangarta shi, uwar miji ta ce kambun baka ne, wata ta ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Maigida kuwa yana kan hanyar Wagadugu da kaya, in ya dawo sai ya ce, "Ke dai ba ki iya tsawata masa ba ne." To ga wani ya zo ya ce mata ba laifinta ba ne, ga dalili, ga kuma magani. Wa zai ƙi sauraro?

Kuma zargin da muke yi wa hukuma da kamfanonin magani ba daga sama ya faɗo ba. Dattawanmu suna nan da rai waɗanda suka ga yadda aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977, aka kwaso mutane zuwa nan, wajen kilomita 15 arewa da gari, daga baya gine-ginen bankuna suka tsaya a wurin. Wanda aka yi wa haka, in hukuma ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce ga abu kyauta, dole ya yi tambaya. A Kano kuma, a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, sai dai wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da gudun ya haifar. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano bisa jita-jitar yana hana haihuwa, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta bi hanyoyin da fatakenmu suke bi. Ta ɓulla a Benin da Gana da Burkina Faso, ta ɓulla a nan Togo, daga baya ta kai har Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta. Yaran da suka shanye a shekarun nan yanzu magidanta ne. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, Sarkin Musulmi da kansa, aka yi shekaru ana bi gida-gida, kafin a watan Agustan 2020 a tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Haihuwa kuwa, duk mun ga Kano ba ta ragu ba.

Ita maganar cewa allura tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ma tamu ba ce, daga Ingila ta zo. A 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya buga bincike a mujallar Lancet a kan yara 12 kacal, ya alaƙanta allurar ƙyanda da galahanga. Daga baya aka gano an yi coge a bayanan, kuma yana karɓar kuɗi daga lauyoyin da ke shirin kai masu allurar ƙara. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka soke masa lasisin aiki. A Danmak, inda ake da rajistar lafiyar kowane yaro, an bi diddigin yara fiye da 650,000, aka fitar da sakamako a 2019: babu bambanci tsakanin wanda aka yi wa allurar da wanda ba a yi wa ba. Yara 12 a gefe ɗaya, fiye da rabin miliyan a ɗaya gefen. Amma ƙaryar ta riga ta yi nisa, yau ga ta da Hausa a wayar Hajiya, ta ma sauya kaya, daga galahanga ta koma ƙiriniya.

Shi wannan hali, da likitocin nan suke kira TDAH, na Gana da Najeriya kuma ADHD, ya girmi allurar. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya siffanta shi tun 1798, George Still kuma ya yi lacca a kansa a Landan a 1902. Allurar ƙyanda sai 1963 ta fito. A duniya kusan yaro biyar cikin ɗari suna da shi, kuma binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna mafi yawansa gado ne, fiye da kashi 70 cikin ɗari. Kafin a zargi nas, a ɗan tambayi kaka yadda baban yaron yake yana ƙarami. Sau da yawa dariya za ta yi ta ce, "Ai gara wannan."

To me ya sa uwa take rantsewa bayan allura ne ɗanta ya canza? Saboda lokacin ɗaya ne. Allurar wata tara da wadda ke biye da ita suna zuwa daidai lokacin da yaro yake fara tsayuwa, ya fara tafiya, ya fara ɓarna. Kafin nan yana goye, wa zai gane rawar kansa? Abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce aka ba ta ba daidai ba. Allura tana iya kawo zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, da kumburi a wurin, kuma can ba a rasa ba, da wuya ƙwarai, jikin wani yaro yakan ƙi ta nan take, shi ya sa yana da kyau a ɗan zauna a asibiti bayan an yi. Ma'aikacin da ya ɓoye wa uwa wannan, ko ya daka mata tsawa don ta yi tambaya, shi ma yana taya mai kwalba talla.

Yanzu mu zo kan kwalbar, don a nan damuwata take.

Ba na raina tsirrai. Maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha yau daga tsiro aka samo shi a Sin. Kuma masu bincike sun gwada tsirrai a kan wannan matsala. A Amurka an gwada wani fure da Turawa ke sha don damuwa a kan yara 54, sakamakon ya fito a 2008, bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta ba. A Iran an gwada ganyen ginkgo, ya kasa kamo maganin asibiti. Za'afaran ya nuna alama mai kyau a wani gwajin Iran ɗin, amma yara hamsin da 'yan kai ne, na mako shida, ba abin da za a ɗora hukunci a kai ba tukuna. Man kifi yana ɗan taimakawa, kaɗan. Zogale abinci ne mai kyau, a ci. Zuma da dabino da habbatus-sauda suna da matsayinsu a wurinmu, ba ni da ja, in dai ba za a ba jaririn da bai shekara ba zuma. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba.

Amma abin da ke cikin robar ruwan da aka sake cikawa, ba suna, ba ma'auni, ba ranar lalacewa, wannan wani abu ne daban. In aka ba yaro mai ƙiriniya cokali ɗaya, cikin rabin awa ya yi laƙwas, uwa ta ce alhamdu lillahi ya natsu, ni tsoro nake ji. Natsuwa ita ce yaro ya zauna idonsa biyu ya gama rubuta allonsa. Wanda aka kwantar da barci bai koyi komai ba, hantarsa da ƙodarsa ne suke aiki. Haka nan masu ɗura wa yara maganin mura ko na ƙaiƙayi don su yi barci, duk tafiyar ɗaya ce.

Wani zai ce ai na kamfani ma yana kisa. Gaskiya ne. Maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya daga ƙarshen 2008, magungunan tari na wani kamfanin Indiya sun kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022. Amma ta yaya aka gano? Kwalaben suna da suna da lamba, aka bi sawu, aka kai ɗakin gwaji, aka janye su daga kasuwa, a Najeriya har aka ɗaure mutane. In haɗin mai saƙon murya ya lalata ƙodar yaro, wa za a bi? Sai a ce kwana ya ƙare. Allurar da aka gwada a kan miliyoyi muna yi mata tambaya ɗari, kwalbar da ba wanda ya san abin da ke ciki ko tambaya ɗaya ba ta sha.

Abubuwan da aka tabbatar suna taɓa ƙwaƙwalwar yara kuwa suna nan kusa da mu. Na farko dalma. A Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400, waɗanda suka rayu da yawa sun tashi da naƙasar fahimta. Mu ba mu haƙar zinariya, amma muna da masu fasa tsohon batirin mota a bakin gida, muna da kwallin da ake rambaɗa wa jarirai, wanda wani nau'insa dutsen dalma ne aka niƙa. Sai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, irin mai sa suma da fizge-fizge. Bincike a Yuganda ya nuna wasu yaran da suka warke daga shi suna tashi da rashin natsuwa. Sai ƙyanda, wadda kan kumbura ƙwaƙwalwar kusan yaro ɗaya cikin dubu da suka kamu, da sanƙarau mai barin yaro da kurumta. Ƙyanda da sanƙarau kuwa cututtuka ne da allurar take karewa. Yaro nawa ake duka ana cewa ba ya ji, alhali kunnen ne da gaske ba ya ji?

Akwai kuma ƙarancin jini da tsutsar ciki da rashin barci, yaro yana riƙe da waya har sha biyun dare. Akwai abin da ya shafe mu mu 'yan Zongo musamman: ɗan shekara shida yana Hausa ko Kotokoli ko Zabarmanci a gida, Mina a titi, Larabci a allo, sai a zaunar da shi a aji cike maƙil ana yi masa Faransancin da bai taɓa ji ba. Ko babba aka yi wa haka zai fara leƙen taga. Wannan ba cuta ba ce.

Shi ya sa likita ba ya yanke hukunci da gani ɗaya. Sai halin ya wuce wata shida, ya fara kafin shekara 12, ana ganinsa a gida da makaranta duka, kuma yana hana yaron karatu ko zama da mutane. A fara da likitan yara, a asibitin unguwa ko a Sylvanus Olympio da ke Tokoin ko CHU Campus, a roƙi a duba ji da gani da jini. Na san da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankalin mutane ya tafi asibitin Zebe na Aneho, a ce za a maida yaro mahaukaci. Ba haka ba ne, da yawan irin yaran nan suna da kaifin basira, riƙe hankali wuri ɗaya ne yake musu wuya. Akwai maganin asibiti, irin su Ritalin, yana aiki ga yara da yawa, amma yana rage cin abinci da barci, kuma likita kaɗai ke rubuta shi yana bibiya. Ga yaron da bai kai shida ba, da horar da iyaye ake farawa, ba da ƙwaya ba.

Horon kuma ba wani abu mai tsada ba ne. A kira sunansa, a haɗa ido, a ba shi umarni ɗaya, in ya gama a ba shi na biyu. A tsayar masa da lokacin barci da na ci. A bar shi ya yi gudu ya buga ƙwallo kafin a ce ya zauna. In ya yi daidai a yaba masa nan take, don irinsu sun saba jin sunansu a wurin faɗa kawai. Malamanmu na allo, Allah ya ƙara muku haƙuri, ku gwada zaunar da shi kusa da ku, ku rubuta masa layi biyu maimakon shida, in ya biya ku aike shi ɗebo ruwa ya dawo. In da bulala tana maganin wannan, da tuni ya warke.

Iyaye mata da kuka dakatar da allurar ƙannen irin wannan yaro saboda wannan tsoro, ku nemo karnen rigakafin a ƙasan akwati ku koma da shi. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba, ko da an yi watanni. Ku tambayi nas sunan allurar, da cutar da take karewa, da abin da za ku yi in zazzaɓi ya zo da dare; haƙƙinku ne a ba ku amsa. In kuma yaron yana shan wani haɗi yanzu, ku tafi da kwalbar ku nuna wa likita, don wasu tsirran ba sa jituwa da maganin asibiti.