Kututture bai mutu ba

Ni Kirista ne, ɗan manoma daga ƙasar Maradi, kuma ina son in yi muku bayani a kan abin da na fahimta game da haƙuri cikin Littafi Mai Tsarki.

Wanda duk ya ga yunwar shekarar 1984 ya san yadda gonakinmu suka koma fako, iska na binne shuka da rairayi. To, tun 1983 wani ɗan mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan sabara da kalgo da ake sarewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa. Ya shawarci manoma su zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi, su rage sauran, su tsare su daga gatari. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani, wadda daga baya ta maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Duk lokacin da na karanta sura ta 14 ta littafin Ayuba sai waɗannan gonaki su faɗo mini a rai. Ayuba ya rasa ƴaƴa 10, da tumaki 7000, da raƙuma 3000, da lafiyar jikinsa. Cikin baƙin ciki ya ga kamar itacen da aka sare ya fi ɗan Adam sa'a, tun da shi yakan sake toho. Ya yi kuka, ya yi gardama, amma bai saki Ubangijinsa ba. Nan na gane cewa haƙuri ba ya hana hawaye, kuma ba ya nufin naɗe hannu.

Mun ga gwajin wannan a watan Janairu na 2015, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Zuciyata ta yi zafi ƙwarai. Amma shugabannin ikilisiya sun yi kira ga gafara, wasu maƙwabta Musulmi kuma sun ɓoye Kiristoci cikin gidajensu. A ganina wannan zumunci shi ne saiwar da wuta ba ta kai gare ta ba, shi ya kamata mu yi ta tattali.

Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Kai ɗan'uwa da ke cikin wahala yau, duba abin da ya rage maka da rai, ka kula da shi, ka bar wa Allah lokacin ruwa. Allah ya ƙara mana haƙuri, amin.