Daga Garwa Zuwa Ngaundere: Komawa Gida A Kan Babur

Duk wanda ya san arewacin Kamaru ya san hanya ɗaya ce ƙashin bayanta, wato babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta ratsa Ngaundere da Garwa da Marwa da Mora, ta je ta tsaya a Kusseri, daura da Njamena. Garwa na zaune a tsakiyar wannan igiya, a bakin kogin Binuwai. Shi ya sa idan masu babura na yankunan arewa uku suka so haɗuwa, ba a daɗewa ana gardama kan wurin taro: ɗan Marwa zai yi kimanin kilomita 210, ɗan Ngaundere kuwa kusan 280, kowa ya sha tasa ƙurar. Zuwa taro ba shi da wuya, domin ɗoki ne ke tuƙa mutum. Komawa gida ita ce aikin, lokacin da jiki ya gaji, aljihu ya yi sauƙi, iyali kuma sun zuba ido a hanya.

Namu taron an yi shi ne a watan Disamba na 2023, cikin hunturu, aka watse ranar Lahadi da hantsi. Kafin mu kama hanya sai da muka zaga garin sau ɗaya, domin akwai samari a cikinmu da ba su taɓa zuwa ba. Muka nuna musu filin wasa na Rumde Ajiya, inda aka buga wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, da fadar Lamiɗo, da tsohuwar tashar jiragen ruwa wadda a da sai damina ta cika kogi jirage ke iya hawowa daga Najeriya. Garin Ahmadu Ahijo ne, shugaban ƙasa na farko, wanda ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, kuma garin Isa Hayatu, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017. Amma abin da ya fi damun mai babur a Garwa shi ne auduga. Nan ne hedkwatar kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, kuma daga ƙarshen shekara manyan motocinsa ke cika hanya da farin kaya. Idan ɗaya ta wuce ka, iskarta kaɗai ta isa ta ture babur ƙarami zuwa gefen kwalta.

Ayarinmu ya rabu gida biyu. Mutanen arewa suka nufi Pitowa, wadda kasuwarta ke ci ranar Lahadi, daga nan Figil mai farar ƙasa da masana'antar siminti, sannan Marwa. Su ne suka fi mu sanin darajar wannan tafiya, domin a 2014, da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a kan iyaka, hukumomin yankin Arewa Mai Nisa sun taƙaita zirga-zirgar babura, musamman da dare da kuma a ƙauyuka, saboda maharan da babura suke zuwa. Abin hawan talaka ya zama abin tuhuma, manomi ya rasa yadda zai kai albasarsa kasuwa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce mana har yau idan ya hango shingen sojoji, tun daga nesa yake rage gudu ya ɗaga gilashin hular kwanonsa, don a ga fuskarsa.

Mu kuwa, babura tara, muka fuskanci kudu. Mun naɗa madugu kamar yadda fataken da suke yi, wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran babura, wanda ya haura shekara sittin. Dokokinsa ba su da yawa: shi ne gaba, makanikenmu ne baya, ba mai wuce ɗan'uwansa, kuma ba a tafiyar dare. Kowa ya nuna takardar mallakar babur da inshora da lasisi tun kafin a tashi, domin jandarma ba ya jin labarin mantuwa, kuma idan aka tsare mutum ɗaya an tsare tara.

Batun mai ma sai da aka zauna a kansa. Shekara da shekaru arewacin Kamaru na shan fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira zuwa-zuwa, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, sai farashinsa ya yi tsalle, arhar da aka saba da ita ta tafi. Madugu ya ce kowa ya cika tanki a gidan mai a Garwa, a ƙara a Ngong, kada a dogara da kwalbar da ba a san abin da aka gauraya a cikinta ba.

Muka haye gadar Binuwai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. A wannan lokaci na shekara kogin ya janye, yashi ya fito fari fat, mata na wanki, masu lambu sun bi gaɓa da shuka. Mai kallonsa a haka ba zai yarda ba cewa shi ne ruwan da idan aka buɗe madatsar Lagdo yake cinye gonaki har Yola da Makurɗi da Lakwaja, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Madatsar na nan gabas da hanyarmu, an kammala ta a 1982 da taimakon ƙasar Sin, kuma ita ce tushen wutar lantarkin arewa. Ba mu ratse ba. A Ngong muka tsaya, garin hatsi da gyaɗa da shanu, muka haɗa Azahar da La'asar a kan ƙasaru, muka ci tsire da burodi, muka sha shayi mai zafi duk da rana na tsaka.

Daga Ngong zuwa gaba ƙasar ta canja. Gidaje suka yi nisa da juna, itatuwa suka yi yawa, hazo ya rufe duwatsu har sai an zo kusa ake ganinsu. Muka wuce mararrabar Poli a dama, da mararrabar Gijiba a hagu, inda hanya ke tafiya Collire da ƙasar Rai Buba. Daga nan kwalta ke bin gefen gandun dajin Binuwai, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1968, mai faɗin hekta 180,000. Birai na zama a tsakiyar titi kamar masu jiran haraji, sai babur ya matso sannan su tashi ba tare da gaggawa ba. Sau biyu garken shanun Mbororo ya tare mu, jajaye masu dogayen ƙahoni, muka kashe injuna muka jira, domin saniyar da ta firgita ba ta san birki ba. A wani wuri kuma gobarar daji ta zo har bakin hanya, hayaƙi ya gauraya da hazo, shaho na shawagi a sama yana cafke fara.

Ramuka su ne suka cinye mana lokaci. Mota tana faɗawa rami ta fita da ƙara kawai. Babur kuwa rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa masa ƙafa ko ya jefar da mai shi. Tafiyar da aka ƙiyasta awa biyar sai ta miƙe. Bayan Gamba tayar wani ta yi faci, muka ɓata kusan minti arba'in a gindin wata bishiya. Ba wanda ya yi dogon zance a wurin. Dukanmu mun girma da labarin zargina, 'yan fashin da suka addabi waɗannan hanyoyi tun shekarun 1990, har gwamnati ta kafa rundunar BIR a 2001 domin yaƙar su, da kuma satar makiyaya don kuɗin fansa da ta biyo baya a Adamawa. An samu sauƙi ƙwarai, amma daji daji ne.

Mun shiga Mbe rana ta yi ja. Wannan gari na Durawa ya yi suna da doya, ga ta nan tsibi-tsibi a bakin titi. Saura kimanin kilomita 70 mu isa gida, amma a tsakani akwai hawan dutsen da kowa ke kira Falez, inda hanya ke murɗewa tana hawa daga kwarin Binuwai zuwa tudun Adamawa. Garwa ba ta fi mita 250 a kan teku ba, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000, kuma babban rabon wannan tazara a nan ake hawansa. Manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Chadi a nan suke gangarowa, birkinsu na wari, wasu da fitila ɗaya.

Ƙaramin cikinmu, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ya matso wurin madugu.

"Baba Alhaji, awa ɗaya da rabi ce fa ta rage. Gobe da safe ina da aiki, kuma na ce wa Inna yau zan kwana gida."

"Ɗana, da bakinta ta ce mini ga amanarta nan. Ba ta ce in kawo ka yau ba, cewa ta yi in kawo ka."

"To ni in wuce, ku ku taho da safe."

"Miƙo makullin. Ka kira ta, ni zan yi mata bayani."

Yaron ya tsaya jim, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai goya masa baya. Akwai waɗanda zuciyarsu na tare da shi, domin kowa na da uzurinsa ranar Litinin, amma ba wanda ya buɗe baki. Ya zare makullin ya miƙa da hannu biyu. Makanike kuma, da ya haska sarƙar babur ɗin yaron da tocila, ya tarar ta saki har tana taɓa murfi, ya zauna ya ɗaure ta kafin a kira Isha'i.

Wani mai shago Bahaushe, wanda kakansa ya zo ƙasar da fatauci, ya buɗe mana zaurensa ya shimfiɗa tabarmi. Aka kawo doya da miyar gyaɗa. Sanyin gindin dutse ya sauko, waɗanda suka raina rigar sanyi a Garwa suka lulluɓa da buhu. Wajen ƙarfe tara saƙo ya shigo daga mutanen arewa: sun isa Marwa lafiya tun kafin Magariba, sai mutum biyu na Kusseri da za su kwana can su tashi da safe.

Da aka sallame Asuba muka ɗaura doya a bayan babura muka fara hawa. A giya ta biyu ake yin mafi yawansa. A wata kwana muka tarar da tirela ta kwanta a gefe, buhuna sun watse, direban da yaransa na zaune kusa da wuta, sun jera rassan itace a kan kwalta don gargaɗi. Muka yi musu jaje, suka ce tun tsakar dare ne, kuma ba a rasa rai ba. Da muka kai sama muka tsaya muka waiwaya: kwarin da muka ratso jiya ya nutse cikin hazo, ba a ganin komai sai kawunan duwatsu.

Daga nan hanya ta miƙe a kan tudu, iska mai sanyi, jar ƙasa, shanun Gudali na kiwo. Muka wuce Dang, inda jami'ar Ngaundere take, ɗalibai na tsaye suna jiran mota. Ƙarfe takwas saura muka shiga gari. Madugu bai sallami kowa ba sai da ayarin duka ya raka yaron har ƙofar gidansu, mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure ta amsa sallama, aka sauke mata doya biyar.