Rantsuwa Ba Tare da Taɓa Littafi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗi abin da ya hana ni barci.

Ni akawu ne a wata kotu, makarantar mishan na yi, kuma cikin aikina har da rubuta wa mutane takardar rantsuwar shekaru. Musulmi ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, Kirista ya dafa Baibul. Amma Dokar Rantsuwa ta 1963 ta ba da wata hanya: wanda zuciyarsa ba ta yarda da rantsuwa ba, sai ya ɗaga hannu ya tabbatar da maganarsa da baki kawai. Asalin wannan sassauci daga Ingila ne, inda aka yi wa 'yan ɗarikar Quaker shi a ƙarshen ƙarni na 17, don suna ganin Almasihu ya hana rantsuwa ɗungum. Sashe na 38 na Tsarin Mulkinmu na 1999 ma ya tsare wa kowa 'yancin bin abin da ya gaskata.

To, ran nan ɗan kawuna ya zo, Musulmi ne, shekararsa 31, ana ɗaukar aiki an ce kada a wuce 28. Ya ce, "Yaya, ka rage mini uku, ni kuwa ba zan taɓa Alƙur'ani ba, hannu zan ɗaga." Wato ƙofar da aka buɗe wa mai tsoron Allah, ita yake so ya bi don ya tsere wa Allah! Na ce masa a wurin doka ɗaga hannu da dafa Littafi hukuncinsu ɗaya, mai ƙarya ɗauri ne. Ya yi dariya, ya ce wa aka taɓa ɗaurewa? A kotunmu dai ban taɓa gani ba, sai na yi shiru.

Na ƙi rubutawa. Ya tafi wani gari ya samo takardarsa, hatimi da komai. Yanzu kawu ba ya amsa gaisuwata, alhali shi ya biya mini kuɗin makaranta. Uwata ta ce na fi alƙali alƙalanci.

Ina roƙon malamai da fastoci masu karanta jaridar nan su gaya mini: da na rubuta, alhakin a wuyan wa yake, mai ɗaga hannu ko mai alƙalami?

Haza wasalam.

Ni ne,
Wani Akawun Kotu.