Magogin Goron Iya

Kwanakin baya wata ɗalibar jami'a ta yi sallama a gidanmu da ke Goron Dutse, riƙe da takardar tambayoyi. Bincike take yi kan yadda ake kula da tsofaffi. Ta ce da gidan gajiyayyu na Shahuci ta fara, sai ta lura yawancin tsofaffin Kano suna can ƙuryar gidajen 'ya'yansu.

Ta durƙusa ta gaida Iya, tsohuwar gidanmu, sannan ta nemi ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Iya ta ce, "Zaɓe ya zo ne?"

"Iya, ana kula da ke sosai, ko daidai gwargwado?"

"Alhamdu lillahi, 'yar nan."

"Abinci fa?"

"Sai godiya."

Haka aka yi har ƙarshen takarda. To, da me za ta ce? Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kamawa, ita ce za ta tona masa asiri gaban baƙuwa, surukarta na tsaye a bakin ƙofa?

Ranar da yarinyar ta dawo, takarda na cikin jaka. Ta zauna kan tabarma tun azahar, tana taya tsintar wake. Idonta ya ga wanda ya sirka wa Iya ruwan alwala, ya ga kwanon tuwo ya fito da rabi ba wanda ya tambayi dalili. Sai na tuna Mary Smith, wadda ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, tsohuwa na zuba ita tana rubutawa, har abin ya zama littafi a 1954.

Bayan la'asar ƙaramar jika ta ɗauko magogi, gwangwanin madara ne da aka huhhuda da ƙusa, ta goga wa Iya goro a tafin hannu, don haƙora sun daɗe da tafiya. Ɗalibar ta ce, "Iya, kullum ita ke goga miki?"

Nan baki ya buɗe. Wa ya iya gugar da laushi, wa ke yi da gaggawa ido na kan waya, wa ke sayo goron daga Mariri, wa ya rabu da leƙo ɗakin tun babbar salla. Har aka kira magariba tana lissafi.

Da yarinyar ta miƙe, Iya ta ce, "Wannan dai kar ki sa a takarda."