Matar Wane Ta Sauka

In aka yi haihuwa a unguwannin Zinder, Birni ko Zango ko Garin Malam, ka saurari yadda labari ke fita daga gidan. Yaro ya ruga ya ce an yi wa Malam Wane ƙaruwa. Maza a fada su ce matar Wane ta sauka lafiya, a tashi a je barka. Ranar suna liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta sunan jariri, ya haɗa da na uba, wani lokaci har da na kaka. Mutum ɗaya ce ba a jin sunanta a ƙofar gida tun daga naƙuda har yankan rago, wato wadda ta kwana a durƙushe.

Za a ce ai kunya ce, kuma kunya ba ta bar kowa ba. Haka ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, suruka ba ta faɗin na surukinta. Mace ba ta faɗin na mijinta: maigida, Malam, Alhaji, baban su Wance, ko “shi” kawai. In ma'aikaciyar likita ta tambaye ta sunan miji don a rubuta a karne, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta taɓa wadda ta rako ta don ta faɗa. Shi ma mijin, balle dattijo, ba ya son ambaton sunan uwargidansa cikin mutane, sai dai iyalina, mai ɗakina, uwar yara. Amma shirun nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Nata yana ɗaga shi, don duk gari ya san sunansa, ita kaɗai ce ba ta isa ta furta ba. Nasa kuwa rufe ta yake yi. Akwai abokan da suka yi shekara da shekaru suna shan shayi tare, sun ci tuwon matar abokinsu ba adadi, amma ba su san sunanta na yanka ba.

Nasara ma ya zo ya ƙara nasa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da Zinder babban birnin mulkinsu har 1926, kafin su koma Yamai. A da Bahaushiya da sunanta take shiga ɗakin miji, da na ubanta, kuma da su take fita, yadda Musulunci ya tanada. Ofis ne ya kawo “Madam Wane”. Yau malamar lakwal ko minista, sunan miji ake fara rubutawa, nata ya biyo baya. Sunan da bakinta ke kunyar faɗa, shi hannunta ke sa wa a takarda.

Masu nazarin matsayin mata sun daɗe a kan irin wannan. Simone de Beauvoir ta Faransa, a littafinta na 1949, ta nuna cewa yawancin abin da ake kira halin mata tarbiyya ce ta dasa shi. Judith Butler ta Amurka ta zo a 1990 ta ce maimaici ne ke tabbatar da shi, a yi yau a yi gobe har a ɗauka halitta ce. Ni dai ban ga abin da zai ba wata kaka a Birni mamaki a nan ba, don ita ce ke aikin da bakinta: ke zauna kamar mace, kai namiji ba ya kuka. In mace ta yi abin yabo sai mu ce ta yi namijin ƙoƙari. In kana neman faɗa da namiji, ce masa mace.

Sai dai kada a ɗora wa nahawu laifin da ba nasa ba. Hausa tana raba kai da ke, ka zo da kin zo. Barbarci, harshen Barno da Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, ba ya raba mace da namiji haka, Zabarmanci ma ba ya rabawa, amma ban ji wanda ya ce matan Diffa ko na Dosso sun fi na Mirya sakewa ba. Harshen Abzinawa yana rabawa sarai, kuma a wurinsu tanti na mace ne. Abin dubawa shi ne wa ke aikatawa a cikin jimla, wa ake aikata wa.

Saurayi ya yi aure, yarinya an yi mata aure. Ya sake ta, ya mai da ita. Abin da aka bar mata ta yi da kanta shi ne yaji, ko a ce ta kashe aurenta, ka ji kalmar da aka zaɓa. Wannan “an yi mata” ba salon magana ba ne kawai a ƙasar da, bisa ƙididdigar UNICEF, kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ke shiga ɗaki kafin shekara 18. In haihuwa ta ƙi zuwa kuma, sunan da ake laƙa mata a shirye yake, juya, tun kafin a san ko daga wajen wa matsalar take. Aïcha Macky, 'yar Zinder, a kan wannan ciwon ta yi fim ɗinta na 2016, L'arbre sans fruit, wato itace marar 'ya'ya, kuma da labarin kanta ta fara.

Ba kuma daga Turai aka fara jin mace mai faɗa a ji ba. Fadar Barno tana da Magira da Gumsu, Maraɗi tana da Iya, Gobir tana da Inna, Daura tana da Magajiya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, tsarin da ya bazu ƙasashe da dama. Wanda ya taɓa leƙa zaman zubin adashi ya san can kowace mace da sunanta ake kiranta, don bashi ba ya karɓar “matar Wane”.

Inda abin ya fi damuna shi ne inda kunyar suna ta rikiɗe ta zama jiran izini. Jimla ce gajera, ana jin ta kullum a ɗakin awon ciki: sai abin da ya ce. Asusun UNFPA ya bincika a jihar Zinder ya tarar cewa maganar miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita. Daga nan aka buɗe makarantun mazaje guda 11 a 2008, a yankunan Magarya da Matamai, magidanta na zama suna tattauna awo da haihuwa da tazarar haihuwa, sannan su ja hankalin 'yan'uwansu. Dabara ce mai kyau, ta kuma bazu sauran jihohi. Amma a lura, don a ceci ran mace sai da aka tara maza aka roƙe su.

Da so samu ne, mai naƙuda ba ta jiran amincewar kowa. Kafin mu kai can, maigida, in za ka tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, ka bar izinin zuwa likita a buɗe, dare ko rana. Ka faɗe shi a gaban mahaifiyarka da ƙanenka, ka kuma bar kuɗin kabu-kabu a hannun ita mai cikin.